Yadda Za Ka Ƙwato Kuɗin Ajiyarka Daga Mai Gidan Da Kuke Kwana Bango Ɗaya

Kai ɗan haya, matso kusa ka buɗe kunne. In ka bi abin da zan gaya maka ɗaya bayan ɗaya, ba ka tsallake ba, ba ka haɗa da naka wayon ba, na yi maka alkawari kuɗin ajiyarka za su dawo aljihunka da ƙafarsu, ko da mai gidanka irin mutumin nan ne da ke ƙirga ƙwayar ashana kafin ya ba maƙwabci aro.

Wa ke maganar? Mutumin da ya yi haya a gida goma sha ɗaya cikin shekara arba'in da uku. Na zauna da mai gida mai kare, na zauna da mai gida mai surukai, na zauna da wadda in ta yi faɗa da mijinta sai ta kashe wutar gidan gaba ɗaya. Na yi dako, na yi gadi, na yi gyaran famfo, na tuƙa motar da ba ta san birki ba. Ko yini ɗaya ban taɓa zama a aji ba. Amma masu takardun makaranta nawa na gani suna fita daga gidan haya da katifa a ka, aljihu fayau, suna ta turanci a bakin ƙofa? Ni ban taɓa bar wa mai gida ko ƙwandala ba. To, saurara.

Mataki na 1: Ka san kuɗin na waye

Kuɗin ajiya su ne waɗanda mai gida ke karɓa ranar da ka shiga, ya ce zai riƙe saboda ko za ka yi masa ɓarna. Ka ji da kyau: riƙewa ya ce. Ba kyauta ka ba shi ba, ba kuɗin haya ba ne. Kuɗinka ne suka je baƙunta aljihun wani, kuma irin baƙin nan ne masu saurin manta hanyar gida.

Mai gidan da ke zaune a wata unguwa, wannan da sauƙi. Ya zo ƙarshen wata, ya karɓa, ya ƙara gaba. Amma wanda kuke shanya a igiya ɗaya, kuke girki a kicin ɗaya, wannan yana jin tarinka. Ya san sau nawa ka buga ƙofa jiya.

Nawa na ƙarshe tsohon akawun wani kamfani ne. Ya yi ritaya, amma biron da ke bayan kunnensa bai yi ba. Kowa Akawu yake ce masa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse garuruwa, daga shi sai rediyonsa. Ya ba mu ɗaki ɗaya mai ɗan banɗaki a ciki, ni da uwar yarana. Kicin da tsakar gida na tarayya.

Kada ka tambaye ni nawa ya karɓa, ni da kwanon rufi nake lissafi. Ranar da na damƙa masa kuɗin za su sayi kwano goma sha huɗu. Da shekara shida ta zagayo sun rame, sun koma takwas. Takwas ɗin nan kuwa su ne daidai abin da ya rage in rufe ɗakina na kaina, wanda na shekara ashirin ina ɗora masa bulo kan bulo a ɗan filina na bayan gari. Uwar yara ta riga ta yanke magana: "Malam, na gaji da kwana a ƙarƙashin rufin mutane. Ko ka rufe namu kafin ruwa ya sauka, ko ka same ni gidan 'yata." Matar nan kuma in ta faɗa ta faɗa.

Mataki na 2: Ranar shiga, tafi da shaida

Kada ka ɗauki shaidan da ya girme ka. Na taɓa yi, ranar da na neme shi aka nuna mini kabarinsa. Kada ka ɗauki wanda mai gidan ke bi bashi. Nemi mai lafiya, mai karatu, mai surutu, wanda in aka cuce ka da safe kafin rana ta yi tsaka duk layin ya ji.

Ni telan bakin titi na ɗauka. Bakinsa ya fi kekensa gudu. Baba Kwashe-Kaya yake kirana, na bar shi, don shaida ba a ɓata masa rai.

Kafin ka sauke ko tabarma, ku zagaya ɗakin ku uku, mai gida na rubutawa.

"Akawu, rubuta: tsaga a bango, daga taga zuwa ƙasa."

"Haba Dattijo, wannan ai silin gashi ne, ba tsaga ba."

"To rubuta silin gashi. Amma ka rubuta tsawonsa."

Ƙirga gilasan taga. Ƙwanƙwasa kowane tayil da ɗan yatsa. Shinshina kusurwa. In ya fara duba agogo, ka rage sauri.

Sannan ka sa a ƙara layi ɗaya a ƙasan takardar, wanda ya fi duk sauran nauyi: ɗan haya yana biyan ɓarna, ba ya biyan tsufa. Fenti ya koɗe, tsufa ne. Ka zuba masa manja, ɓarna ce. Ni kaina gwiwata ta lalace, wa na kai ƙara?

In ba ka iya karatu ba kamar ni, kada ka ji kunya, wannan ma ƙarfi ne. Sa mai gida ya karanta da ƙarfi. Karɓe takardar, miƙa wa shaida ya sake karantawa. In bakinsu ya zo ɗaya, dangwala yatsa. A yi kwafi biyu. Naka ka naɗe a leda, ka jefa a gwangwanin madara, ka rufe.

Mataki na 3: Kwance duk abin da yake nasa

Nan ne ilimin yake, kuma ba a makaranta ake samun sa ba. Abin da ba ka taɓa ba, ba za a ce kai ka lalata shi ba. Saboda haka kada ka taɓa.

Mai gida na juya baya, ɗauko sifana. Kwance kan famfonsa. Cire ƙwan fitilarsa. Cire kubar ƙofa har da mariƙinta, cire sandar labule. Shafe su da mai, naɗe kowanne a tsumma, jera su a akwatin ƙarfe, tura ƙarƙashin gado. Sai ka ɗaura naka. Ni nawa masu kyau ne, na goge su da zarto har suka zauna a wurin kamar can aka haife su.

Uwar yara na tsaye, hannu a ƙugu.

"Malam, wai famfon mutane za mu riƙa kwana a kansa?"

"Amana ce nake riƙewa."

"Amanar da ka kwance da sifana?"

Kada ka tsaya yi wa iyali bayanin dabara. Ni a gida na takwas na ƙirƙiro ta, ta yi mini aiki sau uku a jere. Gaskiya duk cikinsu ban wuce shekara biyu ba, amma dabara ai dabara ce.

Mataki na 4: A kicin ka zama inuwa, a tsakar gida kada ka zama ɗan'uwa

Ɗakinka ka tsare shi. Saura wurin tarayya, inda duk abin da ya fashe ba shi da uba.

Akawu na da wani baƙin littafi. Yana zaune a tsakar gida kan kujerar roba, rediyo a cinya. Da murfin tukunya ya faɗi a kicin, sai ka ji rediyo ya yi shiru. Sai ka ji takarda ta motsa. Shekara shida yana rubutu: ranar da bokiti ya tsage, ranar da igiyar shanya ta tsinke, ranar da na jawo kujera da ƙarfi. Maganin wannan shi ne tari. Ka koyi yin tari daidai lokacin da abu ke faɗuwa. Ni har na kai in uwar yara ta ɗauki faranti sai maƙogwarona ya shirya da kansa.

Amma littafi ba shi ne babban haɗari ba. Babban haɗari zumunci. Uwar yara ta ga tsoho na cin burodi da ruwan zafi kullum, sai ta fara ɗiba masa abinci. Ƙafarsa ta kumbura, ni na goya shi har bakin titi na sa shi a tasi. Kafin ka ankara yana ce mata Yaya, yana kiran jikokina da sunansu. Wannan ita ce hanyar da kuɗin ajiya ke bi su ɓace: ranar fita ta zo, ka buɗe baki, kunya ta rufe maka shi.

Wata rana yana sakace bayan ya cinye abincinmu ya ce, "Dattijo, ai mu yanzu mun zama ɗaya."

Na ce, "Mun zama, ranka ya daɗe. Amma aljihun biyu ne."

Ka riƙa faɗin irin wannan sau ɗaya a wata, kana murmushi.

Mataki na 5: Ba da sanarwa, mayar da kayansa

Wata guda kafin ka tashi, gaya masa a gaban shaida. Da na gaya wa Akawu sai ya kashe rediyon gaba ɗaya, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce, "Ina za ku je da ya fi nan?" Na ce ɗakina. Ya ce, "Wanda ba shi da kai?" Na ce kan nasa na aljihunka. Bai yi dariya ba. Ya jawo baƙin littafi ya fara lasar yatsa yana buɗe shafi.

Ana gobe tashi ka jawo akwati. Kwance naka, mayar da nasa. Na warware tsummokaran nan, wallahi kayan Akawu na ƙyalli kamar ranar da na cire su. Na ɗaura kowanne a mazauninsa, na tsaya daga bakin ƙofa ina kallon aikina. Ban gwada ko ɗaya ba. Shekara shida ban taɓa su ba, a ranar ƙarshe zan fara?

Mataki na 6: Ranar duba ɗaki, bar shi ya murɗa da hannunsa

Wannan kada ka manta. Hannunka a baya. Duk abin da za a taɓa, shi ya taɓa.

Da hantsi muka taru: Akawu da tabarau da littafinsa, tela da tef a wuya, uwar yara zaune kan ƙullin kaya a tsakar gida. Akawu ya zura makulli. Kuba ta ƙi. Ya murɗa, ya ciji leɓe, ya sa kafaɗa, sannan ta buɗe da wani kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa.

"Hm," in ji shi, ya rubuta.

Ya danna makunni. Ƙwan fitila ya yi fau, ya mutu nan take.

"Hm."

Tela ya matso kunnena. "Baba Kwashe-Kaya, kwano nawa ke nan?"

Na ce ya yi mini shiru.

Muka shiga banɗaki. Akawu ya ajiye littafin a buɗe kan dakalin taga, ya naɗe hannun riga, ya kama kan famfo. Ga abin da ba wanda ya taɓa gaya mini, saboda haka ba laifina ba ne: ashe 'yar robar da ke cikin famfo, in ta shekara shida ba ta ga ruwa ba, bushewa take ta tsattsage kamar diddigen tsoho. Ya murɗa sau ɗaya, shiru. Ya ƙara ƙarfi. Sai ga kan famfo a hannunsa, ruwa kuwa ya yi tsalle ya mari silin, ya dawo ya wanke masa tabarau, ya bi ta kan dakalin taga.

"Yaya! Yaya, kashe ruwan!"

Tela ya zube a bakin ƙofa yana dariya har da riƙe ciki. Ni hannuna na baya, ban motsa ba. Kafin uwar yara ta rufe ruwa daga waje, baƙin littafi ya sha ya ƙoshi.

Mataki na 7: Duk abin da zai yanka, ya faɗi sunansa ya kawo hujja

Akawu ya fito tsakar gida yana ɗiga. "Ko sisi ba zan mayar ba! Ku ma sai kun ciko mini!"

Kada ka ɗaga murya. Mai gida ba shi da ikon ya ce kawai na riƙe. Sai ya jera: kaza, ranar kaza, kuɗinsa kaza, ga rasit ko ga shaida. Na ce, "Ranka ya daɗe, karanto mana."

Ya buɗe littafi. Shafukan sun manne, tawada ta zama shuɗin gajimare. Aikin shekara shida. Har na ji tausayinsa, amma na danne.

Ya fara kawowa da ka. "Bokiti!"

"Wace rana?"

"Igiyar shanya!"

"Wandonka ne a kanta da ta tsinke, Akawu," in ji uwar yara daga kan kayanta.

"To famfo fa? Kuba fa? Fitila fa? A gabanku!"

Nan na fito da gwangwanin madara. Tela ya karanta layin ƙarshe da muryar mai labarai: ana biyan ɓarna, ba a biyan tsufa. Na gyara tsayuwa na ce, "Jama'a, famfon nan ko ɗigo ban sha daga bakinsa ba. Kubar nan ban taɓa zura mata makulli ba. Ranar da na shigo na kwance su, na shafa musu mai, na kwantar da su a akwati. Hutu na ba su. Wane ɗan haya ne ya taɓa yi wa kayan mai gida irin wannan gata? In sun mutu, ajalinsu ne, kuma a hannunka suka cika."

Akawu ya cire tabarau ya goge a rigar da ta fi tabarau jiƙa. A hankali ya ce, "Ka kwance mini famfo?"

"Don kare shi."

"Wa ya ba ka izini?"

Na dubi tela. Tela ya dubi sama.

"Baba, nan fa ya kama ka."

Ka ga illar shaida mai gaskiya. Shi ya yanke: bokiti da igiya ba hujja, sun faɗi. Famfo da kuba da fitila tsufa ne. Amma kwancewa ba izini, da silin ɗin da ya jiƙe, a cire kuɗin kwano ɗaya. Akawu ya ƙirgo bakwai da jiƙaƙƙen hannu. Na sa ya rubuta rasit a busasshiyar takarda. Uwar yara ta ɗauki ƙullin kayanta ta yi gaba.

Mataki na 8: Kada ka ce an gama

Kwano bakwai suka hau. Gurbin na takwas ya rage, ana hango sama tarwai. Uwar yara ta ja gado da kanta ta saita ramin daidai ɓangaren da nake kwana. Ƙullin kayanta kuwa ba ta kwance ba. Ta ajiye shi a bakin ƙofa.

"Ɗigon farko da ya shigo ɗakin nan, Malam, ni da shi za mu yi musanya. Ya shigo, in fita."

Na ɗaura kubata a ƙofa, na ɗaura famfona a bango, don ta ga gida ya zama gida. Ba ta ko kalla ba. Kullum da yamma hadari na haɗuwa a gabas yana leƙo mu ta ramin.

Rana ta tara sai ga tasi a bakin fili. Akawu ya fito yana ɗingishi, da sabon littafi a hammata. Ya gaishe da Yayarsa, ya zauna kan bulo, ya fara ba mu labari.

Ashe mutum uku sun zo ganin ɗakin da muka bari. Na farko ya kasa buɗe ƙofa. Na biyu ya shiga ya kasa fitowa. Na uku ya ga famfo ɗaure da tsumma ya ce zai dawo. Mai gyara ya zo ya ce irin wannan tsohon bututun an daina yi masa kai, sai dai a fasa bango.

"Dattijo, kayan nan naka da ka goge da zarto. Suna nan?"

"Suna nan, suna aiki lafiya."

"Nawa?"

Na ɗaga kai na kalli ramin. Shi ma ya ɗaga kai.

"Haba! Tsohon famfo da tsohuwar kuba?"

"Da ɗaurawa. Da hannun mai shekara arba'in da uku a harka."

"Kai ɓarawo ne, Dattijo. Ɓarawo mai shaida."

"Rubuta rasit, ranka ya daɗe."

Ya biya. Uwar yara ta zubo masa abinci, ya ci yana ƙorafi wai kicin ɗinsa ya yi shiru da yawa, kwana tara ko cokali bai faɗi ba, bai san abin da zai rubuta a sabon littafin ba. Ta ce ya riƙa zuwa ranar hutu. Na yi tari, ba wanda ya kula ni.

Washegari na kwance kubata da famfona na kai masa. Kwano na takwas ya hau da yamma. Kwana biyu bayan nan aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, muna ciki a bushe, ina kwance ina jin kiɗansa a kan kwanona na kaina. Uwar yara ta tashi ta kwance ƙullin kayanta, ta fara jerawa.

Takwas nake bi, takwas na karɓo. Je ka tambayi masu takardun makaranta ko sun taɓa yin haka. Ruwan sha kuwa ni nake ɗebowa da bokiti daga maƙwabta safe da yamma, likita ma ya ce tafiya na da kyau ga gwiwa.

Gargaɗi

Abin da na faɗa na faɗa, abin da ka yi kai ka yi. In famfo ya wanke ka, in ƙofa ta kulle ka da mai gida a ciki, in shaidanka ya zama mai gaskiya, in iyalinka suka ɗaure kaya, ba ruwana, ban san ka ba, ban taɓa ganin ka ba. Dokar garinku ma ban san ta ba. Je ka tambayi masu ita kafin ka ɗauki sifana. In kuma ka nace sai ka zo ƙorafi har gida, kada ka wahalar da kanka da ƙwanƙwasawa. Ƙofar ba ta da kuba, buhun simintin da ya daskare ne ya tokare ta daga ciki, kuma uwar yara ce ke zaune a kansa. Da ita za ka fara magana.